Juyin Da Nura Ya Bari

Shafi na 31

Masu turo min saƙo cewa ba ni da imani tunda na kashe Nura a shafin da ya wuce, na gani. Na karanta har da na baiwar Allahn da ta ce ta fasa cin tuwo saboda ni. Ku yi haƙuri, ni ma da hawaye na rubuta shi. Wannan ɗin ma ban ce muku ya fi wancan sauƙi ba, don haka mai saurin kuka ya nemi gefen zanensa tun yanzu.

*

Tun ranar da aka binne Nura a maƙabartar da ke bayan asibitin mishan, cikin kakar 1996, Barnabas bai ƙara cin abincin rana a gida ba. Da an tashi hutun azahar ma'aikata sun watse, sai ya shige ɗan biro, wato ofishin ɗakin magani inda yake aiki, ya kunna kwamfuta, ya zura disket, ya zauna yana kallo. Kallo kawai. Hannunsa ba ya zuwa ko kusa da maɓallan.

Wasan nan ne dai da wani likita Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. A ba ka fili fetal da mutane 'yan kaɗan, ka kafa gari, ka yi noma, ka gina rumbu da ganuwa, ka tara mayaƙa, sarakunan na'ura su ma suna can suna nasu. Ka yi motsinka, su yi nasu. Barnabas da ƙanensa Nura sun raba wasan bi da bi, wa ya yi juyi ɗaya, ƙane ya yi ɗaya, kuma babu mai taɓa juyin wani ko da gari zai ƙone.

A mataki mafi wuya suke bugawa, wanda na'ura ke yi wa mutum rashin mutunci ƙiri-ƙiri. An cinye su, sun sake. An kuma cinye su, sun kuma sakewa. Nura da ciwon zuciyarsa da kumburarrun ƙafafunsa ba ya gajiya, kullum azahar yana jan jiki daga ɗakin jinya ya zo ya zauna. Yanzu ga shi duk taswirar ta zama tasu, saura gari guda na sarki na ƙarshe, ganuwarsa ta rushe, mayaƙansu na tsaye a bakin ƙofa. Maɓalli ɗaya za a danna a gama.

Amma juyin Nura ne.

Kujerarsa na nan inda ya bar ta, da matashin da yake ɗora ƙafa a kai.

Aka ɗaga labule. Rahila ce, matar Barnabas, goye da 'yarsu Albarka, tana haki.

"Baban Albarka, tashi. Ka yi baƙi daga Tama."

"Wa?"

"Iya ta, da Rabi'atu. Sun zo kwasar kayan Nura. Na ce su zamna gida in kira ka, Iya tac ce a kai ta inda Nura ka wuni."

Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

"Baffa Mutari hwa?"

"Shina bakin ƙohwar lopital, wajen asibitin, cikin mota. Ya ce ƙahwatai ba ta taka wurin ga."

Wanda bai san Baffa Mutari ba, ƙanen mahaifinsu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar yayan nasa, Malam. Shi ne ranar da labari ya isa Tama cewa Mahaman ya karɓi baftisma ya koma Barnabas, ya tara gida ya ce Mahaman ya mutu, kuma duk wanda ya ƙara kama sunan nan ya nemi wani gidan. Shekaru sun tafi a haka.

Ita kuwa Iya, dama can ba ta taɓa kama sunan ba. Ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallon idonsa. Yana yaro in tana son aikensa sai ta ce da ƙannensa, "Ku ce ma yayanku ya ɗebo ruwa." Abin da ke cin ran Barnabas ke nan duk shekarun nan. Shirun Iya na da, kunya ce. Shirunta na yanzu bai san ko mene ne ba.

Rabi'atu ce ta fara shigowa, ƙanwarsa mai bi masa, ido jawur. Iya na biye da ita a hankali, ta rame, mayafinta ya yi mata yawa.

Barnabas ya durƙusa har ƙasa.

"Iya, ina wuni. Ya hanƙuri?"

Iya ta dubi bango. Ta dubi kujerar da matashin.

Rabi'atu ta nuna kwamfutar da yatsa.

"Wanga na?"

"Rabi'atu, zamna tukuna ki sha ruwa..."

"Kak ka kama sunana! Tambayarka nikai. Wanga talabijin na yah hana ɗan'uwana mutuwa gaban uwatai?"

"Ba talabijin na ba, ordinatar ta. Ta aiki ta."

"Ko mi ta! Sau nawa munka aiko? Mai mota shi zo, shi koma, shi ce Nura ya ce shina da aikin da bai ƙare ba. Mu muna can muna cewa hala allurai na sunka rage. Sai yau wata inhirmiya mai jinya ta ce muna wai wasa kukai kullum. Wasa! Iya na can ta share mai ɗaki, ta shimhiɗa sabuwar tabarma, ta jiƙa gero don hurar da shika so, kai kana nan ka zamnar da shi gaban gilashi har rai yai halinai."

Barnabas ya sunkuyar da kai.

"Ko gawatai ba mu gani ba," in ji Rabi'atu. "Baƙi sunka wanke shi. Baƙi sunka ɗauke shi. Hwaɗa man gaskiya, so kakai ka tsoma shi ruwa kamar yadda anka tsoma ka?"

Nan ya ɗago.

"A'a. Wannan kam a'a. Nura bai taɓa barin salla ba cikin ɗakin ga. Ga buzunai can naɗe bayan ƙohwa. Ni ka cika mai buta da hannuna. Ko muna tsakiyar yaƙi, in lokaci ya yi sai shi ce, Yaya, sarakunan ga su jira."

Rabi'atu ta juya ta ga buzun.

Sai Iya ta yi magana, karon farko, a hankali, tana kallon Rabi'atu.

"Tambayi mutumin ga, wane aiki na yaron bai ƙare ba."

Mutumin ga. Ba ma yayanku ba. Wallahi ni mai rubutun nan sai da kalmar ta soke ni.

Barnabas na durƙushe ya fara magana, idonsa a kan ƙafafun Iya.

"Tun zuwanai shika roƙona in bi shi Tama in gaishe ki. Kullum. Ni ko tsoro nike ji. Ba na Baffa ba kaɗai. Tsoro nike ji in zo ki tashi ki shige ɗaka. Da ya dame ni, ran nan sai nic ce mai, to, ranar da munka ci wasan ga a mataki mahi wuya, na rantse zan ɗauke ka mu tai tare, in shiga gida ko mi za a yi man."

"Sai ya yarda?" in ji Rabi'atu.

"Da murna."

"To mi ya hana ku ci?"

"Likitan da ya ba ni wasan ya ce shi bai taɓa cin matakin nan ba." Ya kau da kai. "Don haka nis sa sharaɗin. Na ɗauka ba mu ci har abada."

Rabi'atu ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu. Yaudaratai kay yi."

"I."

"Marar lahiya, ƙanenka, ka ɗora mai dutsi ka ce shi ɗauka."

"I. Amma na ɗauka shina samun sauƙi. Na ce in ya gaji ya bari, a sallame shi ya koma gida, ni in tsira da kunyata. Ban san ciwon ya kai nan ba. Wallahi ban sani ba."

A nan Rahila, da tun ɗazu take rakuɓe jikin ƙofa tana jijjiga Albarka, ta fashe da kuka.

"Shi ya sani."

Duk suka juya.

"Mi kic ce?" in ji Barnabas.

"Nura ya sani, Baban Albarka. Tun hwarkon damana likita ya kira shi ya ce zuciyar ta gaji, babu sauran abin da za su iya, gara shi koma gida cikin 'yan'uwa. Ina wurin, ni nik kai mai kunu. Ya kama bakin zanena ya ce in rantse ba ni hwaɗa maka."

"Don mi? Rahila, don mi?"

"Ya ce in ka ji, ranar za ka sa shi mota shi kaɗai, kai ka tsaya bakin hanya kana ɗaga hannu. Ya ce shi ba shi komawa Tama hannu wohi. Ya ce Iya ɗiya maza biyu gare ta, ɗaya na shirin tahiya, dole a mai da mata ɗayan."

Barnabas ya zame ya zauna daɓas a ƙasa.

"Nic ce mai, Nura, wasan ga an ce ba a cin shi," Rahila ta ci gaba tana share ido da bayan hannu. "Sai ya yi dariya, kun san dariyatai. Ya ce, Anti, ai na san Yaya don kar mu ci ya zaɓi mai wuyar. Ki bar shi. Bai san taurin kan ƙanenai ba."

Ana jin ƙarar injin wuta daga can bayan gini, da ɗan kukan fankar kwamfuta. Barnabas ya kifa kansa a gwiwa yana kuka irin na manya, wanda ba shi da sauti sai girgizar kafaɗa. Yana tuna ranakun da Nura ke zuwa da numfashi sama-sama, ya ce masa ya huta yau, Nura ya ce a'a, akwai rumbunan da bai gama ba.

Iya ta taka a hankali ta zo gaban kwamfutar. Ta daɗe tana kallon taswirar, kore da shuɗi da 'yan ɗigo-ɗigo.

"Mi ag ga nan?" ta tambayi Rabi'atu.

Rabi'atu ta taɓa lakkwal, makarantar boko, tana yarinya. Ta matso, ta kanne ido, tana haɗa baƙaƙe.

"Iya, sunayen garuruwa na. Ga Tama. Ga Deule. Ga Bangi. Wai har da Keita."

"Nura yas sa musu," in ji Rahila. "Tama ta babban birni. Baban Albarka yaƙi shika so, Nura ko da an ba shi juyi sai rumbu da rijiya. Har hwaɗa sukai. Da abokan gaba sunka kewaye su, sauran garuruwa sunka hwaɗi, Tama ba ta ji yunwa ba."

Wani abu kamar murmushi ya gifta fuskar Iya ya wuce.

"Shi na," ta ce. "Tun shina rarrahe ba shi barin zangarniya ƙasa."

Ta kai hannu ta shafa matashin da ke kan kujerar.

"Tambaye shi, tunda saura kaɗan, mi ya hana yaron ƙarasawa."

Barnabas ya ɗago da ƙyar.

"Da munka rusa ganuwar nic ce mai danna mu ƙare. Ya ce a'a, a bari sai ranar da motar Tama ka zuwa. Ya ce in mun ci yau, kahin ranar zan sami wata hujja. Gara mu ci, mu tashi daga nan mu hau mota, kar in sami lokacin tunani. Har wanki ya ba Rahila, rigatai mai ruwan ƙasa." Ya ja numfashi. "Ana gobe motar za ta zo ya cika."

"Kai ko mi ya hana ka danna?" Rabi'atu ta tambaya, amma yanzu babu zafi a muryarta.

"Juyinai na. Ban taɓa taɓa juyinai ba shina da rai. In na danna yanzu, shi ke nan, an ƙare, babu sauran abin da Nura ya bari da za a jira shi ya zo ya yi."

Iya ta ja kujerar Nura ta zauna a kai. Ta gyara mayafi.

"Rabi'atu."

"Na'am, Iya."

"Tambayi yayanki. Shekarar da Malam ya rasu ya bar gero tsaye gonar tudu, barin shi munka yi tsuntsaye sunka cinye don mai gona ba shi nan?"

Barnabas ya ji kalmar. Yayanki. Ya dubi Rahila don ya tabbata ba kunnensa ne ya yi masa ƙarya ba.

"A'a, Iya," ya amsa.

"Tambaye shi wa ya yanke."

"Ni da Nura, da samarin unguwa da sunka yi muna gayya."

"To. Mamaci ba a bar mai aiki tsaye. Nashi ka ƙarasa mai. Wanga ma gonar yarona ta, da sauran numhwashinai ya nome ta." Ta miƙa hannunta na dama. "Ce ma yayanki ya nuna man inda a ka dannawa."

"Iya, ke?" in ji Rabi'atu.

"Wa ya hi ni kusa da shi?"

Barnabas ya taso da rarrafe. Ya nuna maɓallin, bai yarda yatsansa ya taɓa shi ba. Iya ta kai nata yatsan, mai kaushin taɓarya, ta tsaya a sama. Ba ta taɓa taɓa irin wannan abu ba a rayuwarta, tsoro take kada ta fasa kayan mutane. Rabi'atu ta kama wuyan hannunta ta daidaita mata.

"Bismillahi," in ji Iya.

Ta danna.

Ɗan mayaƙin ya matsa gaba taku ɗaya, ya shige garin. Tutar sarki na ƙarshe ta sauka, tasu ta hau. Kwamfutar ta saki wani ɗan siririn kiɗa kamar na rediyon da batirinsa ya kusa ƙarewa, hoton hular sarauta ya fito, rubutun nasara ya cika gilashin. Abin da likita Bature ya kasa, abin da Barnabas ya rantse a ransa ba za a taɓa yi ba, ga shi an yi. Albarka da ke bayan uwarta ta ji kiɗa ta fara tafi, ita kaɗai ce ta yi murna a ɗakin.

"An ci?" Iya ta tambaya.

"An ci, Iya," in ji Rahila.

Iya ta rufe fuska da mayafi. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba tun da labarin rasuwar ya same ta, haka Rabi'atu ta faɗa daga baya, amma a nan mayafin ya jiƙe. Rabi'atu ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, Rahila ta juya ta fuskanci bango.

Daga can bakin ƙofar asibiti aka ji mai mota yana danna oda, yana ƙarawa. Motar Tama ce, wadda Nura ya jira.

Iya ta share fuska ta miƙe. Ta ɗauki matashin ta rungume a ƙirji.

"Yau ba ranar mota ta ba? To mi shika jira?"

Rabi'atu ta zaro ido.

"Iya, ki ruhwa muna asiri. Baffa na cikin motar nan. Kin san abin da ya rantse. Ya ce ranar da wanga ya taka Tama, ko wani ya kama sunanai, ba shi ba gidan. Ina za ki? Ɗakinki na can, kabarin Baba na can."

"Na ji rantsuwar Mutari da kunnena. Ta yarona ma yanzu nij ji ta."

"Iya," in ji Barnabas, "kar a kore ki sabili da ni. Na yahe. Ya ishe ni haka, wallahi ya ishe ni."

Iya ta taka har bakin ƙofa. Kowa ya ɗauka fita za ta yi. Sai ta tsaya, ta juyo, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ungozoma ta miƙa mata shi cikin tsumma. Ta dubi tsakiyar idonsa.

Leɓɓanta suka motsa sau ɗaya babu sauti, kamar mai gwada ɗaukar tulun da ya fi ƙarfinta.

"Mahaman."

Rabi'atu ta toshe baki da hannu biyu.

"Mahaman, ɗauko buzun ƙanenka. Ba ni komawa Tama hannu wohi."

Barnabas bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya nufi bayan ƙofa, hawaye sun rufe masa ido har sai da ya lalubi buzun da hannu. Ya ɗauko shi ke nan, yana jin ƙanshin turaren Nura a jikinsa, aka fizge labulen da ƙarfi har ƙusa ɗaya ta fita.

Baffa Mutari ne tsaye, carbi a hannu, rawani ya karkace don sauri. Jira ya ishe shi har ya taka wurin da ya ce ba zai taka ba. Bai dubi Barnabas ba ko sau ɗaya. Iya ya zuba wa ido.

"Mariama," ya ce, "sunan wa nij ji a bakinki?"